Don mutum ɗaya na rage sukari a shagona, shi ne kuma ya fi kowa fushi da ni

Wata 'yar'uwa ce ta turo mana wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A daure a karanta har ƙarshe kafin a tofa, kuma ban da zagi.

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, da fatan kowa ya wuni lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin ya kai min iya wuya, kuma a unguwarmu babu wanda zan faɗa wa maganar ba ta riga ni isa gida ba. Sunayen da zan kira duk ba na gaskiya ba ne.

Ni mace ce, a Zangon Lome nake, ina riƙe da shagon ɗinki da surfani da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa. Ma'aikata bakwai gare ni, duk maza, kuma tun zamanin mahaifina shago ne ke ciyar da su da rana. Tire guda ake kawowa, shinkafa da wake ko tuwo, mai yana kwance a sama har ka ga fuskarka a ciki, ataya kuwa ba ta sauka daga kan kurfotin gawayi tun safe har la'asar, sukari ana zuba shi kamar ba saye aka yi ba. Marigayi har alfahari yake yi cewa ba wanda ya taɓa yi masa aiki ya rame. Aikin kuma kun san shi, zama ne a kan keke daga safe zuwa yamma, masallaci yana manne da shagon, ko zare za a sayo a bakin layi sai an tsayar da zem, wato ɗan acaɓan nan garin.

A cikinsu akwai wani dattijo, zan kira shi Baba Audu. Tare da mahaifina suka fara da keke ɗaya, sunan mahaifiyar Baba Audu aka sa min, shi ya sa har yau Uwata yake kirana. Hannunsa a surfani kuwa sai dai a ce masha Allah, akwai alhazan da suke aiko da shadda tun daga Kwatano da Ankara don kawai shi ya yi musu aska takwas a babbar riga. Gaskiya rabin mutuncin shagon nan shi ne.

Wata huɗu da suka wuce matarsa, Inna muke ce mata, ta zo gidana da hantsi, ta ce na rufe ƙofa. Ta faɗa min an gwada Baba a asibiti an samu ciwon suga da hawan jini, kuma abin ya fara taɓa masa ido. Likita ya ce ya sha magani, ya rage zaƙi da maiƙo, ya dinga taka ƙasa kullum, in ba haka ba ganin zai iya tafiya. Ta ce a gida tana iya ƙoƙarinta, amma wuni a shago yake yi, duk abin da ta gyara da safe atayarmu ke rushewa. Sannan ta ce Baba ya rantse mata duk ranar da wani ya ji bai yafe ba, musamman mutanen shago, don in aka ce idon Audu ya fara mutuwa babu mai sake ba shi shaddarsa. Ta kama hannuna tana kuka ta ce amana ta ba ni, na taimaka amma kar ya san ta faɗa. Na ce na ɗauka. Ban tsaya na yi tunani ba, kawai na ce na ɗauka.

Da na zauna sai na ga ba yadda za a yi na ware shi shi kaɗai ba tare da ya gane ba, don haka na yanke na mai da abin doka a kan kowa. Na ce ai dama zaman nan ba ya yi wa kowa daɗi, biyu a cikinsu kullum kukan ciwon baya suke, ɗaya tumbinsa ya kusa taɓa keke. Ni ba babban kamfani ba ce da zan ɗauko musu likita ko na sayo ƙarafan motsa jiki, sai na nemi abin da ba ya cin komai. Na tara su na ce na ji a rediyo yawan zama da yawan zaƙi suna illa, daga yau ataya sau biyu ce a rana da sukari kaɗan, mai dafa mana abinci za ta rage mai da magi ta ƙara ganye, randar ruwa na mai da ita can ƙarshen tsakar gida don duk mai jin ƙishi ya miƙe, aiken kusa kuma babu zem, da ƙafa za a je.

Jama'a, ranar farko da aka buɗe tiren nan kowa ya ɓata rai kamar an aiko da saƙon mutuwa. Wani a cikinsu, Isufu, mai bakin tsiya, ya leƙa ya ce, "Patron, wannan ai abincin lopital ne, wa ke kwance?" Patron suke ce min, wato oga, lopital kuma asibiti ke nan. Na yi dariyar dole. Baba ya ci loma uku ya wanke hannu. Da aka miƙa masa ataya ya kurɓa ya ajiye kofin ya ce a zamanin Alhaji, wato mahaifina, ko ruwan wanke buta ya fi wannan zaƙi. Daga ranar shi ya zama shugaban masu bore. Mutumin da nake yi dominsa!

Ban daddara ba, na kawo maganar bakin teku, tunda ranar Lahadi da safe mutane da yawa suna zuwa can motsa jiki, na ce ni zan ɗauki nauyin kai su. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Uwata, da furfurata zan je na tsaya cikin mata ina ɗaga ƙafa? Me na yi miki?" Duk suka kwashe da dariya, maganar ta mutu a nan.

Sai na yi wata dabara da a lokacin na ɗauka ta fi kowacce. Akwai wani masallaci can gaba, tafiyar kamar minti goma, na ce me zai hana su dinga yin azahar da la'asar a can, ga lada a kowane taku, ga miƙe ƙafa. Wannan kam ba wanda ya iya musawa, kwana uku suna zuwa, har na fara murna. Ashe na tafka kuskure, ni mace ce ba masallacin nake zuwa ba, na manta limamin can da namu ba sa ga maciji. Kafin sati ya zagayo magana ta cika layi wai 'yar Alhaji ta canja aƙida tana janye ma'aikatan ubanta daga masallacin da ubanta ya sa hannu aka gina. Limaminmu, aminin Baba ne tun suna samari, ya aiko a tambaye ni ko an yi min wani laifi. Sai da na sa hijabi na je har gida na durƙusa na ba da haƙuri a kan abin da ko a mafarki ban nufa ba.

Na ƙarshe da na gwada shi ne na ce Baba ya raka ni gidan wani alhaji a nan kusa mu kai kaya, wai don ya duba yadda wuyan rigar ya zauna, nufina kawai ya taka. Ya tambaya ina zem, na ce ai kusa ne. Ya ce tun da mahaifina ya rasu ba a taɓa aikensa ba, ballantana a sa shi gaba da ƙunshin kaya a ƙafa mutane suna kallo. Kwana biyu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa, kuma ya daina ce min Uwata, ya koma Madam. Wallahi wannan Madam ɗin ta fi zagi yi min ciwo.

Yanzu a Zango sunana ya gama zagayawa. Wasu na cewa hannun jarirai ne da ni, wasu na cewa shagon ya karye ina ɓoyewa ne da sunan lafiya, har wata ƙawar mahaifiyata ta tare ni a wajen biki ta ce na ji tsoron Allah na daina horar da bayinsa da yunwa. Abin takaicin, Isufun nan mai tsiya ya same ni ni kaɗai ya ce tun da ya fara zuwa aike da ƙafa bayansa ya yi sauƙi, barci ma yake yi sosai. Na ce to ka faɗa a gaban mutane mana. Ya ce, "A'a patron, ni ba zan ja da Baba ba." Kun ji fa.

Duk wannan zan iya shanyewa, a kira ni marowaciya ba zai kashe ni ba. Abin da ke cin raina shi ne Baba ya samu wata hanya. Maƙwabcinmu mai sayar da katifa shi ma yana dafa ataya, yanzu can Baba yake tsallakawa ya sha ta farko da ta biyu da ta uku, da sukarinta cif, ya dawo yana goge baki yana kallona. Da a gabana yake sha ina iya rage wani abu, yanzu ko wannan babu. Taku goma sha ne tsakaninmu da shagon katifar, iyakar motsa jikin da na samar masa ke nan a wata huɗu.

Idon kuma ba jira yake ba. Ina lura da shi, zare zai sa a allura sai ya yi ta kuskurewa, in ya ga ana kallonsa sai ya ce wutar shagon ce ba ta da haske. Sau biyu ina samun aikinsa ya karkace, layin surfanin ya bar zane, mutumin da a da ko da ma'auni ba za ka kama shi ba. Na ɗauke rigunan na kai gida na warware na gyara da hannuna, na mayar inda ya ajiye. Ban sani ba ko ya gane. In wata rana wata riga ta kuɓuce min ta isa hannun mai ita, abin da yake gudu shi zai faru, kuma a bainar jama'a.

Na koma wajen Inna na roƙe ta ta sake ni daga alkawarin, na ce bari na same shi mu biyu na faɗa masa na sani, ko zai ji nauyina. Ta ce in na yi haka na kashe mata aure, don babu wanda ya san maganar sai ita da likita, ko 'ya'yansu ba su sani ba, kuma Baba in ya ce bai yafe ba to har zuciyarsa yake nufi. Mijina kuma, da yake bai san dalili ba, cewa yake na mayar musu da sukarinsu na huta, su ba yara ba ne, ina ruwana da tumbin wani. Haka nake haɗiye maganar ina kallonsa, raina kamar ya fashe.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne abin da ya faru jiya Asabar. Bayan la'asar sai ga zem ya tsaya a ƙofar shago da buhun sukari da jarkar mai. Baba ya sa aka shigo da su, ya ce kowa ya tsayar da keke. Ya yi magana a hankali, babu faɗa ko kaɗan. Ya ce ya yi tunani ya gane bai kyauta min ba, zamani ya yi tsanani, mace ita kaɗai da nauyin mutum bakwai ba wasa ba ne, kuma babu ba abin kunya ba ce. Ya ce ya ci abincin gidan nan tun kafin a haife ni, don haka wannan sadaka ce daga aljihunsa, Allah ya kai ladan kabarin Alhaji. Ya juyo ya ce, "Uwata, ki yafe min, ban san abin ya kai haka ba." Aka ɗaga hannu aka yi wa mahaifina fatiha, ni ma na ɗaga, hawaye na zuba, su duk sun ɗauka na godiya ne. Da zai fita ya ce ranar Litinin a ɗora ataya irin ta marigayi, shi da kansa zai zuba sukarin.

To jama'a ku faɗa min. In na ƙi buɗe buhun nan, na mayar da sadakar da aka yi wa ubana, na kuma watsa wa dattijo ƙasa a ido a gaban waɗanda yake gaba da su, bayan ya sauke kai ya ba ni haƙuri. In na faɗa masa gaskiya, na ci amanar Inna, wataƙila na raba auren da ya girme ni. In kuma na yi shiru na buɗe, ni da na san abin da likita ya ce zan zauna ina kallo yana ɗura wa kansa abin da zai makantar da shi, a shagona, da sunan ladan mahaifina.

Don Allah masu ilimi a cikinku, amanar da riƙe ta zai cutar da mutum dole ne a riƙe ta? Masu ƙananan sana'a irina, akwai wanda ya taɓa samun hanyar da ma'aikata suka yarda da irin wannan gyara ba tare da sun ɗauke shi rowa ba? Kar a ce min na yi haƙuri na bar wa lokaci, lokacin ne ba ni da shi. Gobe ce Litinin, ƙarfe bakwai Baba yake zuwa, kuma makullin shagon a hannuna yake.