Ni Na Ƙone Dibidin Ɗakina, Yanzu Ƙanwata Za Ta Ba Ni Nata

Assalamu alaikum Anti da masu karatu, ina yi maku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, ni ma ba daɗin kaina nake ji ba.

Tun ana shirin bikin ƙanwata Ummi gabana ke faɗuwa, ba don komai ba sai tsoron kada ɗakinta ya fi nawa. Lokacin aurena Baba bai da ƙarfi, ƙaramar talabijin da dibidi ya sa mani a kayan ɗaki, kuma na yi murna. Ita kuwa ranar da muka je jere gidanta a Kambarawa sai ga kwali mutum biyu na ɗauke da shi. Hom tiyata ce, sifikoki dogaye a tsaye, da wata ƙatuwa a ƙasa mai sa ƙirjin mutum rawa. Ni na goge su da hannuna ina dariya, Allah kaɗai ya san abin da ke raina. Ba uba ɗaya ya haife mu ba? Ni ce ba ɗiya ba?

Na daure har ranar da na kai mata ziyara da ɗiyata Hanan, shekararta uku. Ta kunna mata katun, yarinya ta zauna gaban sifika baki buɗe. Da za mu tafi ta ƙanƙame ƙafar Ummi tana ihu, "Ni nan zan zauna, namu bai magana da ƙarfi!" Kowa ya yi dariya ban da ni. Da muka dawo na sami Baban Hanan da maganar mu canza namu. Ya ce, "Maman Hanan, mi ya same shi? Yana karanta faifai, hoto na fita. Abin da Baba ya saya maki zan jingine don na ƙanwarki ya fi ƙara?" Wato ya gano ni, abin da ya ƙara ƙona mani rai ke nan.

A layinmu na Ƙofar Guga in wuta ta daɗe ba a kawo ba, da ƙarfi take dawowa, ƙwan lantarki ya yi fari tas, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke. Shi ya sa Baban Hanan ya haɗa komai da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, ya ja mani kunne kada in taɓa. Ranar Talata da hantsi aka kawo irinta. Na tsaya ina kallon ƙwan nan, sai na zare wayar dibidin daga sitabilaiza na soka ta kai tsaye a bango. Ƙara ɗaya ya yi, sai wari. Na maida wayar inda take, na buɗe taga, na koma kan wankina. Da ya dawo na ce mashi haka kawai ya mutu. Mai gyara ya duba ya ce gara a sayi sabo.

Na zaci shi ke nan Baban Hanan zai saya mana. Sai jiya ga Ummi, wai a gida ta ji. Ta ce, "Haba Yaya, naku ya ƙone ba ki gaya mani ba? Ki ɗauki nawa. Daga ni sai bango nake wuni, Hanan ta fi ni buƙata." Na ce dangin mijinki fa? Amarya ko wata uku ba ta yi ba a ga ana fitar da kayan ɗaki, surukarki kuma kullum tana leƙowa? Ta ce, "Su yi ta magana. Kayan ubana ne, ke kuma yayata ce."

Anti, kin san abin kunyar? Maimakon in yi kuka, haushi na ji. Yadda ta faɗe shi a sauƙaƙe tana gyara mayafi, kamar tana ba ni gishiri. Har a kyauta ma ta fi ni? Wace irin zuciya ce gare ni?

Baban Hanan ya yi ta sa mata albarka, ya ce ranar Asabar zai je da mai napep ya ɗauko. In na ce a bari, zai tambaye ni dalili, ni da na hana shi sakat kan a canza. In na yi shiru, Ummi za ta sha surutun dangin miji saboda ƙaryata, tana ganin taimakona ta yi. Gaskiyar kuma in ta fito sai ta kai kunnen Baba.

Me zan yi? Don Allah duk mai shawara ya ba ni kafin Asabar.