Ƙofar Jirgi ta Hanyar Kagoro

Kafanchan, 3 ga Maris, 1975

Broda Silvanus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya aikin masaƙa? Mama na gaishe ka.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mama. Idon Baba ya mutu sosai. Da nake kai masa abinci ƙofar jirgin da yake gadi, inda hanyar Kagoro ta ratsa layin dogo, na lura kunne yake kasawa, ba ya duban layi. Jirgin kwal tun daga nesa yake gane numfashinsa, ya rufe ƙofa. Amma sababbin injinan dizal ɗin nan kukansu irin na manyan motoci ne. Sai ya ɗauka motar citta ce ke tahowa, ya bar ƙofa a buɗe.

Shi ya sa na daina tallar lemo a tasha. Mama na cewa na zama raguwa. Zama nake kusa da shi, in na hango jirgi sai in ce, "Baba, rana ta yi zafi," sai ya tashi ya rufe. Bai taɓa tambayata dalili ba.

Ina jin tsoro. Me zan yi?

Ƙanwarka,
Martina

Kaduna, 14 ga Maris

Martina,

Na ga wasiƙarki, ki gai da su Mama. Ki kama bakinki. Kin san garin nan ba kamar da ba ne. Citta da gyaɗar da ake lodawa a tasha duk motoci sun kwashe, yanzu dalilin rage mutane kawai ake nema. In aka sallami Baba, gidan reluwe za a karɓe, ina za ku zauna? Baɗi zai kai fansho. Ki ci gaba da zama kusa da shi, ai dabararki na aiki.

Allah ya tsare.
Silvanus

Kafanchan, 2 ga Afrilu

Broda,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ran Juma'a Mama ta ce dole in kai lemo jirgin Fatakwal, ban iya yi mata musu ba. Ina tasha jirgin kaya ya wuce, mai dizal. Ƙofa a buɗe take. Bobbo, mai rugar nan ta bayan layi, yana tsallakewa da shanu. Jirgin ya kashe masa karsana. 'Yarsa Mairama ce ke bin bayanta da sanda, har jini ya taɓa mata zane.

Bobbo bai kai ƙara ba, ya ce wa mutane karsanar ce ta ƙwace. Washegari ya kawo wa Mama nono, da zai fita ya tsaya a kaina ya ce, "Martina, saniya ina iya samun wata. Mairama ita kaɗai gare ni."

Baba bai ci abinci ba. Da na je ɗaukar kwano sai ya ce, a hankali, "Jiya rana ba ta yi zafi ba ne?" Na ɗauki kwanon na fita.

Don Allah ka zo.

Martina

Kafanchan, 9 ga Afrilu

Broda,

Gaisuwa mai yawa. Ban jira amsarka ba.

Yau na je wajen Baba Arzika, shugaban su Baba a wurin aiki. Na faɗa masa gaskiyar idon Baba. Ya ce za a duba idon, kuma zai nema wa Baba aikin shara a shagon injina. Maganar gida bai yi alkawari ba.

Baba bai san ni ce ba. Ran Lahadi in mun taso daga sujada zan faɗa masa da bakina. In za ka yi fushi, ka yi da ni.

Gobe wani ne zai riƙe ƙofar. Ni kuma zan koma tallar lemo.

Ka huta lafiya.
Martina