Ƙotar Alƙalamin Ambrose

Ludlow, 11 ga Janairu, 1892

Zuwa ga yayata Keziah,

Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya, sai sanyin bana da ya yi yawa. Dorcas tana gaishe ki.

Na san takardar nan za ta zo miki da mamaki. Wata 'yar buƙata ce ta taso, na duba ban ga wanda ya fi ki sanin kanta ba. Bakin ƙarfen da muke sa wa alƙalami a ofishin Lauya Corfield yakan maƙale a cikin ƙota, idan ya dakushe aka zo canzawa sai an sha fama. Ni kuwa nakan cinye baki biyu ko uku a yini, domin takardun gado da na filaye da nake kwafa na fata ne, suna da kaushi. Ko a masana'antarku ana yin wata irin ƙota da ba ta riƙe baki da ƙarfi sosai? In akwai, ki taimaka ki aiko mini da biyu ko uku ta gidan waya.

Ina fata ban takura miki ba.

Ƙaninki,
Ambrose Tranter

*

Birmingham, 17 ga Janairu

Ambrose,

Na ga takardarka, na gode da gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ban da gwiwa. Ka gaida Dorcas da 'yan matanku.

Shekara shida ke nan tun ranar da muka binne Mama ban ga rubutunka ba, ashe bakin alƙalami ne zai tuna maka kana da 'yar'uwa. To, Allah ya yi wa tsatsa albarka. Har da sa sunan mahaifinmu a ƙasan takarda, sai ka ce ina da wani Ambrose ɗin.

Abin da kake nema babu shi. Ƙotar da ba ta riƙe baki ba ƙota ba ce, kana tsoma ta a tawada bakin zai yi zamansa cikin kwalba ya bar ka da icce a hannu. Shekara talatin da huɗu ina tsaga bakin alƙalami a kan inji, na san halinsa. Laifinku ne ku akawuna. Kuna tsoma shi har wuya, tawada ta haura cikin bututun ƙota ta bushe, ta ci ƙarfe, tsatsar baki ta haɗu da tsatsar bututu su zama abu guda. Maganin kuwa ko sabuwar zuwa a wajenmu ta san shi: ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka naɗe bakin da tsumma ka murɗa da ɗayan. In ya ƙi, sai filaya.

Ga ƙota uku nan, na ɗan buɗa musu bututu da kaina. Ban ce za su tsinana maka komai ba.

Ka huta lafiya.
Keziah

*

Ludlow, 24 ga Janairu

Yaya Keziah,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina kuma neman afuwa da na rubuto miki ba da sanin maigidana ba. Ban saba ɓoye masa komai ba, amma wannan ya fi ƙarfina.

A watan Oktoba, wata safiya muna karin kumallo, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma ta zo da sauƙi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, bayan sati biyu ya koma aiki aka ce mura ce ta kwantar da shi. Hannun ne bai dawo ba. Yana iya ɗaga shi, amma yatsun ba sa riƙe ko allura. A hanya cikin aljihun kwat yake ajiye shi, a ofis kuma ya ɗora shi kan takarda kamar mai danne ta.

Rubutunsa yana nan yadda kika san shi. Canza baki ne kawai ya gagara, don aikin hannu biyu ne. Ba ya son roƙon sauran akawunan, gudun kada su gane. Bara Lauya Corfield ya sallami wani dattijon akawu da idonsa ya yi rauni, Ambrose kuwa yana wurin. Saboda haka sai ya zagaya bayan kabad ya cire bakin da haƙori. Kullum yana dawowa leɓensa baƙi ƙirin, ya ce wai lasar alƙalami yake yi in yana tunani. Makon jiya ƙarfen ya yanke masa dasashi, haƙori ɗaya kuma ya ɓantare.

Ranar da takardarki ta zo ya karanta mini da murya, yana dariya a wajen albarkar tsatsa. Da ya kai inda kika ce hannu ɗaya da ɗayan, sai ya ninke ta ya ce bari ya duba murhu.

Yaya, rubutu kaɗai ya iya a duniya, kuma da shi muke ci. Ban san abin da nake roƙonki ba ma. Na dai ga bai kamata ki ɗauka raini ne ya sa ya tambaye ki abin da kowa ya sani ba. Don Allah kada ki nuna masa na faɗa.

Taki,
Dorcas

*

Birmingham, 14 ga Fabrairu

Ƙanena Ambrose,

Ina gaisuwa, ya sanyi? Nan hayaƙi da laka ne kamar kullum.

Maganar da ka kawo ta tsaya mini a rai, har na kai ta wajen Silas Hadley, tsohon da ke gyara mana injuna in sun dakushe. Mun yi Asabar uku da rana a shagonsa bayan an tashi aiki, yana fiƙa ina zaginsa. Abin da ke cikin kwalin nan shi muka haifa. Mun huda iccen ƙotar tun daga kai har gindi, muka zura siririn ƙarfe a ciki. In kana son cire baki, sai ka juya alƙalamin ka danna gindinsa a kan tebur, ƙarfen ya turo bakin waje. Ba ruwan zafi, ba tsumma. Silas ya ce an yi shi ne don malalatan akawuna waɗanda ba sa son ɓata yatsunsu, na ce ai kuwa na san wanda zai gwada mana.

Ka yi aiki da shi sati guda, ka faɗa mini aibinsa ba kara. Yabo ba ya gyara ƙarfe.

Yayarka,
Keziah

*

Ludlow, 28 ga Fabrairu

Yaya Keziah,

Bayan gaisuwa da godiya. Kin ce ba kara, to ga shi.

Kwana huɗu na farko ya yi aiki yadda kika faɗa. Gindinsa ya ɗan yi nauyi, ƙarfen ciki kuma yana kaɗawa in ina sauri, amma na jure. A rana ta biyar bakin ya kafe. Na danna bai motsa ba, na ƙara ƙarfi, sai ya fita kamar kibiya, ya tsallake teburina ya sauka a kan wasiyyar wani manomi da na yi kwana biyu ina kwafa na shanya ta bushe. Tawada ta fantsama tun daga sunan mamaci har jerin gonaki. Lauya Corfield ya fito, ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Sake ta." Ya juya ya koma ciki.

Ban faɗi wannan don in sa ki jin nauyi ba. Kwana huɗun nan su ne na farko tun Oktoba da na shiga ofis gabana bai faɗi ba.

Na san Dorcas ta rubuto miki. Ba ta faɗa ba, amma ba wanda zai ɓata Asabar uku don malalatan akawuna. Ban yi mata faɗa ba. Ni ya kamata in faɗa miki tun a takardar farko, kunya ce ta hana, kuma ba kunyar hannun kaɗai ba.

Ranar jana'izar Mama, a bakin coci, ƙanwar surukata ta tambaye ni wace ce matar can mai baƙaƙen yatsu. Na ce wata ce da ke taimaka wa Mama a da. Kina bayana, na san kin ji. Kina da shekara goma sha uku kika shiga masana'anta don ni in zauna a makaranta, yatsun nan su suka saya mini rubutun da nake taƙama da shi. Shekara shida ina ɗaukar alƙalami in ba ki haƙuri ina ajiyewa. Ki yafe mini, Yaya. In ba ki sake aiko komai ba, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Ambrose

*

Birmingham, 20 ga Maris

Ambrose,

Na gaishe ku duka. Ka ce wa Dorcas ta kyauta, ta fi ka hankali.

Maganar bakin coci, e, na ji. Na yi ta kuka a jirgin ƙasa har tashar Kidderminster, daga nan yunwa ta kama ni na ci burodina da cuku. Na daɗe ina jin haushinka, sai dai haushi ma yana gajiya. Na yafe. Kada ka sake kawo zancen, takarda tsada gare ta.

Wasiyyar manomin nan laifina ce. Na kai wa Silas labari, ya yi dariya har da tari, sannan ya ce mu ƙara wa ƙarfen tsawo. Na ce a'a, tun farko muka ɓata hanya. Duk abin da aka tura da ƙarfi, in ya saki da ƙarfi zai fita. Ina tsaye ina kallonsa yana canza tsinken abin hudarsa, na ga bai ja ba bai tura ba, sassauta bakin kawai ya yi tsinken ya faɗo. Na ce masa ga abin da muke nema nan a hannunka, tsohon banza.

Sabuwar ƙotar da na aiko maka ba ta da bututu. Leɓe biyu ne na tagulla, da zobe da ke matse su. Ka ja zoben baya da babban yatsa, leɓunan su buɗe, bakin ya faɗi ƙasa da nauyinsa. Tagulla ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, kuma na sa Silas ya fito da 'yan layuka biyu sirara a ciki, su kaɗai ke taɓa bakin, don busasshiyar tawada ta rasa inda za ta kama. Ga kuma guntun katako mai ramuka shida. Ka jera sababbin baki a ciki tun daga gida, tsininsu ƙasa. In za ka sa, ka sauke ƙotar a kan ɗaya ka tura zoben gaba.

Na gwada ta da kaina. Na tsoma ta a tawada har wuya irin naku, na bar ta kwana tara a kan taga. Sannan na ɗaure hannuna na hagu a baya da igiyar rigar aikina na canza baki sau ashirin, matan sashenmu suna ta yi mini tsiya wai na fara taɓuwa. Sau ɗaya ya ɗan liƙe, na ƙwanƙwasa ta a gefen tebur ya faɗo.

Abu ɗaya zan faɗa maka wanda ba na ƙarfe ba. Ƙota za ta ɓoye maka canza baki, ba za ta ɗaukar maka manyan littattafai daga kan kanta ba. Ka yi tunani.

Yayarka,
Keziah

*

Ludlow, 10 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Silas Hadley duk da ban san shi ba.

Sati uku ke nan, ba ta ba ni kunya ko sau ɗaya ba. Zoben ya ɗan yi tauri da farko, Dorcas ta ɗiga masa man keken ɗinki ya saki. Dasashina ya warke.

Na yi tunanin da kika ce. Ranar Talata na shiga wajen Lauya Corfield da ƙotar da katakon, na canza baki a gabansa, sannan na ɗaga hannun na ajiye masa a kan tebur na faɗa masa komai. Ya ɗauki ƙotar ya yi ta jan zoben yana mayarwa. Ya tambaya ko ciwon yana taɓa kai, na ce likita ya ce a'a. Ya ciro kwafin da na yi bara da wanda na yi makon jiya, ya jera su ya daɗe yana dubawa.

"Ban ga bambanci ba," in ji shi. "Amma ba na son a ɓoye mini abu a ofishina, Tranter."

Ya ce daga yanzu kwafi kawai zan riƙa yi, ɗauko littattafai da buga hatimi sun koma kan wani. Zai duba al'amarin zuwa kaka, bai yi mini alkawarin komai ba bayan haka. Ban sani ba ko na yi daidai. Na dai fito na zauna a teburina, na yi rubutu har aka tashi, ban waiwaya na ga wa ke kallona ba.

'Yan matan suna tambaya wace ce wannan gwaggon tasu mai ƙera abubuwa. Ƙaramar ba ta tuna fuskarki. Ɗakin sama yana nan ba kowa, in masana'anta za ta ba ki hutun bikin Ista.

Ƙaninki,
Ambrose

*

Birmingham, 13 ga Afrilu

Ambrose,

Ka yi daidai. Kaka kuma in ta zo ma gani.

Ina nan tafe ranar Asabar a jirgin rana. Akwai wata a sashenmu da irin wannan ciwo ya sami mijinta, ta koya mini yadda ake murza yatsun da mai a gaban wuta, ta ce ba a fid da rai kafin shekara. Ka ajiye mana kujera biyu kusa da murhu.

Sai na zo.
Keziah