Ku Bar Raihana Ta Kori Akuyar

Ƙanwata Delu,

Ina gaisuwa. Yaya Tamaske, yaya jikin Inna? Ni lahiya lau nan Abijan, aikin ne ya ɗan yi sanyi, har na saida wayata.

Umar ya kawo mini hoton. Kun tsaida Raihana ƙiƙam kamar soja. Delu, tana rarrahe na baro gida, ban taɓa ganin ɗiyata tana tahiya ba. Akuyar da ta gilma bayanta dishi-dishi, ita nake ta kallo, don ita kaɗai ke motsi.

Don Allah ku sake ɗauka. Ku bar ta ta kori akuyar, ko huskarta ba ta hito ba. Huskar na sani, tahiyar ce ta wuce ni.

Allah shi sada mu da alheri.

Yayanki, Ɗantala