Firijina Goma Sha Ɗaya da Aka Ƙwace a Shingen Bawku

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin tantance kayan lantarki da ake shigowa da su ta kan iyaka.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Sumaila Abdu. A Salaga aka haife ni, a gidan fataken goro, amma ni gyaran firiji na koya, kuma shekarata goma sha huɗu ina yin sa a Yendi. Tun da wutar lantarki ta fara isowa garuruwanmu, nakan haura Togo in sayo firiji na hannu, in gyara, in sayar wa masu ƙanƙara da masu shagon magani. Sau huɗu na zo ofishinka ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na kawo maganar fili.

Na farko. Mako biyu bayan ƙaramar Sallah na ɗauko firiji goma sha ɗaya. Na biya duk abin da aka saba biya, takardu suna hannuna. A shingen da ke kusa da Bawku ma'aikatanka suka sa aka sauke su duka, suka ce an yi sabuwar doka, gas ɗin da ke cikinsu yana lalata sararin sama, an hana shigo da shi. Na tambaye su yaushe aka sanar. Wani ya kai ni cikin ofis, ya nuna mini takarda da Turanci, manne a bayan ƙofa. Ranka ya daɗe, ba a faɗa a rediyo da Hausa ko Dagbani ba, ba a aika wa ƙungiyarmu ta masu gyaran firiji ba, ba a ba liman ya faɗa ran Juma'a ba. Ta yaya mutumin Salaga zai san abin da ke bayan ƙofarku a Bawku?

Na biyu. Ban ƙi dokar ba, kada wani ya ce maka na ƙi. Tsawon shekaru ina sakin wannan gas a tsakar gidana ban san yana cutar da kowa ba, kuma da na ji, raina bai yi daɗi ba. Na roƙi ma'aikatanka su nuna mini yadda ake sauya shi in yi a gabansu. Suka ce sai mai lasisi. Lasisin kuwa sai wanda ya mallaki na'urar gwaji, na'urar sai a Accra, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin duk masu gyaran Yendi ko da mun haɗa hannu. A duk yankin nan kamfani ɗaya tak ya samu lasisin, wanda ya buɗe shago a Bawku 'yan kwanaki kafin a fara kamen. Mu da ke kan hanyar kullum ba mu ji labarin dokar ba, amma shi ya ji har ya shirya.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. An ce mini kayan da aka ƙwace za a lalata su. Da na zo karo na huɗu, farkon damina, na bi ta gaban wannan shago, sai na hango wani farin firiji mai lotsawa a gefen dama. Na san lotsawar, domin a gabana aka yi ta wurin lodi. Na shiga, na buɗe ƙofarsa, na ga robar bakin ƙofar da na sa da hannuna tun a Sinkase, can Togo inda na sayo shi. Na duƙa na leƙa ƙasa, ga sunana da ajami inda nake kartawa da ƙusa. Na sami shida daga cikin nawa a jere. An manna wa kowanne koriyar takarda mai cewa gas ɗinsa mai tsabta ne, an ninka kuɗinsa. Na zagaya baya na duba injin. Ba a taɓa bututun ba, walda ɗina na nan yadda na bar shi. Gas ɗin da aka ƙwace kayana dominsa yana ciki har yanzu.

Na ce wa manajan, "Wannan nawa ne." Ya ce, "Mallam, a gwanjo muka saya, je ka tambayi waɗanda suka sayar." Na koma ofishinka, aka ce kana taro.

Ɗaya daga cikin shidan na Hajiya Azumi ne, matar marigayi amininmu Ɗanlami na Salaga. Doyarta ta shekara ta sayar ta ba ni kuɗin, don ta riƙa yin zoɓo da ƙanƙara ta ciyar da marayu biyar. Da na je na faɗa mata, na so a ce ta zage ni. Sai ta ce, "Sumaila, ban ce ka ci ba. Allah ya mayar maka." Na sayar da babur ɗina na mayar mata da kuɗinta, amma lokacin zafi ya riga ya wuce, ba ta sayar da ko ƙulli ɗaya ba. Yanzu idan na shiga kasuwar Salaga, sai in ji ana nuna ni, wai ga wanda gwamnati ta kama da haramtaccen kaya. Mahaifina ya yi shekara arba'in yana fatauci ba a taɓa nuna shi haka ba.

Saboda haka ina roƙonka waɗannan. A maido mini da kayana, shidan da na gani da biyar ɗin da ban san inda suke ba. A turo wanda ya san aiki, a buɗe firijin wannan shago a gaban jama'a, a auna gas ɗin, ni ma a kira ni in tsaya. A faɗa mana wanda ya yi gwanjon, da ranar, da inda aka yi shi, don babu ɗan kasuwar Bawku da ya gan shi. Sannan a ajiye na'urar gwaji ko guda ɗaya a Yendi, mu riƙa biya muna amfani da ita, a koya mana aiki da sabon gas. Idan doka ce ta kare duniya, a ɗora ta a kan kowa. Idan kuma ta share wa mutum ɗaya kasuwa ce, a faɗa mana, mu daina ɓata kuɗin mota.

Ban ce kai ka yi ba, ranka ya daɗe, amma da hatiminka aka yi. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon duba abin da ake yi a ƙarƙashinka tun kana kan kujerar, ya sa ka bar ta ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba.

Ina shagona a Yendi, babu aiki a cikinsa, don haka duk ranar da ka kira zan zo.

Wassalam.

Sumaila Abdu, mai gyaran firiji.