Na Ɗaure Sirdin da Aka Ƙera Don Ya Sauka

Hajiya mai wannan fili, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini, ɗana na shirin barin gidana, kuma ni na jawo da hannuna da injin huda ƙarfe. Ki yi haƙuri da rubutun, karatuna ya tsaya ne daidai inda ya fara wuya.

Sana'ata gyaran kujerun ofis, masu juyawar nan da manya ke zama a kai suna sa hannu a takardu. Ciwonsu ɗaya ne: mutum ya zauna, kujera ta yi ƙasa da shi sululu har haɓarsa ta zo daidai tebur. Iskar bututun ce ta tsere. In mai kujera ba ya son sayen sabon bututu, sai in ɗaga ta, in huda, in zura noti in ɗaure tam. Ba ta ƙara sauka har ta mutu. Da wannan hudar na ciyar da gida, da ita yaron ya yi karatun da ni ban yi ba.

Babban ɗana ne. Yana da aikinsa na ofis, amma ransa na kan tseren keke a duwatsu, wanda suke kira enduro. A hau dutse a hankali ba mai duba agogo, sai wajen gangarowa ake ƙirga lokaci. Tun ranar da ya bayyana mini haka na ce masa ashe faɗowa ce ake ba wa kyauta. Uwarsa ta yi dariya, shi bai yi ba.

Ana gobe babbar gasar da ya yi shekara yana shiri, ya wanke keken ya jingine a baranda, ya tafi karɓo lambarsa ta shiga gasar. Na dawo daga shago da rana na tarar da shi yana ƙyalli. Shaiɗan ya ce in ɗana. Ina ɗora mazaunaina, na kama hannun keken, sai sirdi ya yi ƙasa da ni sululu. Na miƙe ina jijjiga keken, sai sirdin ya harbo sama ya same ni a inda jarida ba ta bugawa. Na leƙa ƙarƙashin sirdin ina neman hannun da ake ja, irin na kujera, babu. Ba waya, ba komai. Na ce shi ke nan, sun sayar wa yarona mataccen bututu, ga shi gobe zai hau dutse. Wallahi Hajiya, daɗi na ji. Yau dai ga abu a duniyarsa da ni na fi shi sani.

Na ɗaga sirdin har ƙarshe, na huda, na ɗaure. Wani mai ya tsiyayo mini a hannu, na ce ka ga shaida, dama yoyo yake yi. Na goge, na rufe keken da mayafinsa, na yi gum, wai in ba shi mamaki.

Ya kuwa sha mamaki, a gindin dutse, lokacin da ya sauke keken daga mota. Ashe da gangan aka yi sirdin haka. Dirofa suke ce masa. Akwai ɗan harshe a hannun keken, daidai inda babban yatsana ya sauka, wayarsa ta bi ta cikin ƙarfen ba a ganinta. In za a hau dutse a ɗaga sirdi a samu ƙarfin tuƙi, in za a gangaro a danna ya lotse, mutum ya ja jikinsa baya ya yi ƙasa. Ba wanda ke da na aro da ya dace da kekensa, kuma ko an cire notina, bututun ya riga ya mutu. Abokansa suka ce ya haƙura, ya ƙi. A wata gangara mai tsaye sirdin ya tokare shi, ya wuntsilo ta kan keken, ƙashin kafaɗa ya karye.

A asibiti na tarar da shi an rataye masa hannu. Ni kuma in tsoro ya kama ni bakina ne ke fara gudu. Na ce masa ai ko ba komai sirdin bai sauka ba, aikina yana da garanti. Ya juya fuskarsa bango. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, irin wadda ake yi wa mai karanta mita. Ya sa kwaɗo a ɗakin keken. Yanzu uwarsa ta gaya mini ya samu ɗaki wajen wani abokin tserensa, da kafaɗa ta warke zai kwashe kayansa.

Abin da ke ci mini rai, kowa a gidan nan ya san ɗan harshen nan. Uwarsa ta sani, ƙanwarsa har hoton bidiyo ta ɗauka tana dannawa. Ni kaɗai ba a gaya wa ba, don Baba ba zai gane ba, Baba sai barkwanci. Duk abin da ya girgiza a gidan nan ni ake kira, ƙafar gado, marfin tukunya, ƙofar banɗaki, ba a taɓa cewa in nemi izini ba. Yau na zama ɓarawon da ake sa wa kwaɗo. Kuma ai ba ni na tura shi dutsen ba. Shin in saya masa sabon dirofar in ajiye a ƙofarsa, ko in ƙyale shi ya tafi ya ga ko abokin zai gyara masa ƙafar gado?

Uban da ya gyara lafiyayye

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba yaron lafiya. Na yi dariya a wasiƙarka, daga baya na ji kunyar dariyar, kuma ina jin haka mutanen gidanka suke fama da kai.

Kana da gaskiya a wurare biyu. Niyyarka kyakkyawa ce, kuma shi ya zaɓi ya gangaro da sirdin da ya san a ɗaure yake, bayan an hana shi. Baligi ne, wannan rabon nasa ne, kuma ya sani. Wataƙila rabin fushin da kansa yake yi. Amma kada ka kuskura ka gaya masa haka.

Sauran naka ne. A shago ba ka huda kujerar kowa sai mai ita ya yarda. Ɗanka ka hana shi abin da kake ba baƙo. Batun ba a gaya maka ba kuwa, ka tuna abin da ya samu ranar da ya fara yi maka bayani. Wanda aka mayar da abin da yake so abin dariya, ba ya sake kawo shi gaban mai dariyar. Ban ce ba ka ji ciwo ba. Ciwon a bar ka a baya gaskiya ne, amma sai kun shirya za ka kawo maganarsa, ba yanzu ba.

Kada ka sayi komai a ɓoye. Waɗannan bututun kowane keke da kaurinsa da tsayinsa, kuma ajiye shi a ƙofa sake yin abu ne a bayan idonsa. Ka same shi shi kaɗai, ba ta bakin uwarsa ba. Ka ce ka taɓa kayansa ba izini, ka ɓata masa shekara, kuma maganar asibiti tsoro ne ya sa ka, ba raini ba. Sannan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, barkwanci zai zo har bakin leɓe, ka haɗiye shi. In ya sauko, ka ce ya zaɓi sabon da kansa kai ka biya, ya ɗaura kana kallo kana tambaya.

Zai yiwu duk da haka ya tashi, ɗa namiji dama watarana zai tashi. Kada ka roƙe shi ya zauna, kada kuma ka yi masa gatse. Abin da ke hannunka shi ne yadda zai fita: a matsayin wanda ya gudu, ko wanda zai riƙa zuwa. In ranar ta zo, kafaɗarsa ba za ta so nauyi ba, kai ka ɗauki akwatinsa ka kai masa mota.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya zukatanku duka biyu.