Ku Riƙe Auta Riƙon Ruwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Ni lafiya lau, in ban da tari, wanda likitan masana'anta ya ce ba komai ba ne. Shi dai ta taga yake duba mu.

Har yanzu ina wajen tace asiton, sinadarin wanke fenti. Abin da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai a allo, yanzu shi nake shaƙa. Ruwa ƙwayoyinsa sun riƙe juna gam, sai ya sha wuta sosai kafin ya tafasa. Asiton kuwa riƙonsa sako-sako ne, ɗumin tafin hannu ma ya isa ya tashe shi, ya zama tururi, ya sami masauki a ƙirjin tsohon malami. Abokin aikina da muke ɗaki ɗaya, tuni tarin ya kai shi ƙasa, an naɗe katifarsa.

Na ji ɗana Auta yana neman fasfo zai biyo ni. Na san gida akwai zafi, Yaya, amma ku riƙe shi riƙon ruwa. Masu saurin tashi, na ga inda suke sauka.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka,
Malam